Balut: Ƙwan Agwagwa Mai Ɗan Tayi da Abin da Yake Yi wa Jiki

A Pateros, wani ɗan ƙaramin gari da ke cikin yankin babban birnin Manila na ƙasar Filifin, akwai sana'ar da ake gado kaka da kakanni: yi wa ƙwan agwagwa kwanci ba tare da agwagwa ba. Mai sana'ar, wanda suke kira magbabalut, zai zauna gaban tulin ƙwai yana ɗauka yana ƙwanƙwasawa a hankali, kunnensa na sauraro. Mai tsaga ko siririn ɓawo ya ware shi gefe. Sauran a shanya su a rana na 'yan sa'o'i su ɗauki ɗumi, a ƙunshe su cikin ƙyalle ko raga, a jera cikin dogayen kwandunan gora da aka kafa a tsakiyar ƙaiƙayin shinkafa. Tsakanin ƙunshi da ƙunshi sai a sa jakar shinkafa shanshera da aka gasa a wuta. Wannan shinkafar ita ce uwar ƙwan. Kullum sai an sake ɗumama ta, an juya ƙwan sau biyu ko uku, na ƙasa ya koma sama.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki sai a shiga ɗaki mai duhu, a riƙa kara kowane ƙwai a bakin ramin wani akwati mai fitila a ciki. Wanda ya ɗauka za a ga jijiyoyin jini sun bazu a cikinsa kamar saiwa, da ɗan duhu a tsakiya yana motsi. Wanda bai ɗauka ba, ko ya ɗauka ya tsaya a hanya, sai a cire shi a dafa a sayar da araha da sunan penoy. Masu rai su koma kwando. Daga nan ma ba su cika buƙatar shinkafar ba, domin ɗan tayin da ya girma yana fitar da zafin kansa, har akan haɗa tsofaffin ƙwai da sababbi don su ɗumama su.

Da an bar ƙwan ya cika kwana 28, da ɗan agwagwa ya fito. Ba a bari. A wajen kwana na 16 zuwa 18 ake fitar da shi a tafasa, kuma shi ne balut. Mutanen Filifin sun fi son na wajen kwana 17, wanda suke ce wa balut sa puti, lokacin da ɗan tayin ke naɗe cikin farar tantani, ƙashinsa bai yi ƙwari ba, gashi bai gama tsirowa ba. A Biyetnam, inda ake kiransa hột vịt lộn, an fi son ya kai kwana 19 zuwa 21, baki da fiffike sun bayyana. A Kambodiya da Lawos ma ana ci, haka wasu sassan Sin, inda masu tarihi da dama ke ganin daga can 'yan kasuwa suka kawo wa Filifin wannan dabara. Agwagwar da ake amfani da ƙwanta, itik, ba irin tamu ta gida mai jan tsoka a fuska ba ce. Ƙarama ce, mai yawan ƙwai, ta saba da kiwo cikin gonakin shinkafa tana tsintar dodon koɗi da ragowar hatsi.

Abincin dare ne. Da almuru mai talla zai ɗauki kwando ko bokiti da aka lulluɓe da tsummoki don kada zafi ya fita, a ƙafa ko a keke, yana bin unguwanni yana jan kira: "Baluuut!" Mai saye ya ƙwanƙwasa ƙwan ta ɓangare mai faɗi, ya ɓare ɗan rami, ya barbaɗa gishiri ko ya ɗiga ruwan khal mai barkono da albasa, ya fara kurɓe romon da ke ciki. Sannan ya ƙara ɓarewa ya ci gwaiduwa da ɗan tayin. A ƙasa akwai wani farin abu mai tauri da suke kira bato, ragowar farin ƙwan ne da ya daskare. Wasu su tauna, wasu su yar. Direbobin haya, ma'aikatan dare, ɗalibai masu karatun jarrabawa, 'yan dako, su ne manyan masu saye.

Me ke cikin ɓawon?

Kafin a shiga lissafi, akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Ƙwai rufaffen ɗaki ne. Daga ranar da agwagwa ta saka shi, babu abincin da ke shiga ciki. Iska kaɗai ke shiga ta ƙananan ƙofofin ɓawo, tururin ruwa da gurɓatacciyar iska su fita. Duk abin da ɗan tayin ya gina jikinsa da shi, daga gwaiduwa da farin ƙwan ya ɗebo. Saboda haka kwanci bai ƙara wa ƙwan wani sabon ƙarfi daga waje ba, sake fasalin abin da ke nan kawai ya yi: furotin ɗin da ke cikin fari ya koma tsoka da fata, kitsen gwaiduwa kuma ana ƙona wani sashe nasa don rayuwa. Abu ɗaya ne yake ƙaruwa a zahiri cikin abin da ake ci, shi ne kalsiyam. Idan ɗan tayin ya fara gina ƙashi, yakan narkar da cikin ɓawo ya janyo sinadarin, shi ya sa ɓawon ƙwan da aka yi wa kwanci ya fi saurin farfashewa.

Alƙaluma sun bi wannan bayani sau da ƙafa. A jadawalin Ma'aikatar Gona ta Amurka, giram 100 na ɗanyen ƙwan agwagwa na ɗauke da kalori 185, furotin kusan giram 13, kitse kusan giram 14, kalsiyam miligiram 64. Alƙaluman da aka fi ambata wa balut kuwa su ne kalori 188, furotin da kitse kowanne wajen giram 14, ƙarfe miligiram 2, kalsiyam miligiram 116. Kusan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, in ka cire kalsiyam ɗin da ya kusa ninkawa. Sau da yawa za ka ji ana jingina waɗannan lambobi ga ƙwai ɗaya, alhali irin waɗannan jadawalai a kan giram 100 ake lissafa su, ƙwan agwagwa ɗaya kuwa bai cika wuce giram 70 ba. Wanda ya ci ɗaya ya samu kimanin kashi biyu cikin uku na abin da aka lissafa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Furotin giram 9 ko 10 a loma huɗu ko biyar ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da mutum mai nauyin kilo 60 ke buƙata a yini, kuma furotin ɗin ƙwai na daga cikin waɗanda jiki ya fi iya amfana da su gaba ɗaya. Ga bitamin A mai kula da ido da fata. Ga bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi: ƙwan agwagwa ɗaya ya wadatar da buƙatar babban mutum ta yini, ya kuma ninka ƙwan kaza sau da yawa a wannan fanni. Ga kolin da ƙwaƙwalwa ke so, ga ƙarfe, ga fosfaras. Ga leburan da ya wuni a kan farar shinkafa da ɗan romo, balut ɗaya da dare abinci ne na gaske.

A Filifin, ƙasar da kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, duk wani ƙwai mai araha abin tattali ne. Wani bincike da aka yi a Ekwado, aka wallafa a 2017, ya nuna ba jarirai ƙwan kaza ɗaya kullum na wata shida ya rage tsumburewa da kusan rabi. Da aka maimaita irinsa a Malawi ba a ga wannan bambanci a tsayin yara ba, abin da ke nuna ƙwai shi kaɗai ba ya warware komai. Duk da haka babu masanin abinci da zai ce a raba talaka da ƙwai.

Gwiwa da ƙarfin maza

Tambayi mai talla amfanin hajarsa, zai ce maka pampatigas ng tuhod, wato mai ƙarfafa gwiwa. Maganar tana da fuska biyu, kuma kowa ya san ta biyun: an daɗe ana ɗaukar balut a matsayin maganin ƙarfin maza, abin da ya ƙara masa kasuwa da daddare. Margaret Magat, masaniyar al'adun gargajiya wadda ta rubuta littafi sukutum a kan balut a 2019, ta bi diddigin wannan imani da yadda ya bi 'yan Filifin har ƙasashen da suka yi ƙaura. A Biyetnam kuma ana ba mai ciki da mai jego da wanda ya tashi daga jinya don ya murmure.

Batun mai jinya yana da kan gado, domin jikin da ya rame yana buƙatar furotin mai sauƙin narkewa. Batun gwiwa da na shimfiɗa kuwa babu wata hujjar likitanci da ta tsaya musu. Babban mutum na buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 a yini, balut ɗaya bai ba shi ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ƙananan busassun kifin da ake ci da ƙayarsu, da ganyen zogale da mutanen Filifin ke kira malunggay suna zubawa a miya, sun fi shi amfani ga ƙashi nesa ba kusa ba. Mai yunwa in ya ci abinci mai maiƙo da furotin dole ya ji ƙarfi ya dawo, kuma a ganina iyakar gaskiyar maganar ke nan. Abin da ke damuna da irin wannan imani shi ne yana sa mutum ya wuce gona da iri. Wanda ya ɗauki abu abinci zai ci ya ƙoshi ya tashi. Wanda ya ɗauke shi magani zai ce a ƙaro, a nan kuma matsalar take.

Inda gizo ke saƙa

Ƙwan kaza babba na ɗauke da kolestarol kimanin miligiram 186. Ƙwan agwagwa ɗaya na ɗauke da kimanin 619. Ya fi girma, gwaiduwarsa kuma ta fi cika ɓawo, a gwaiduwa kuwa kolestarol yake. Kwancin kwana 17 bai kawar da shi ba, domin yawancin gwaiduwar tana nan, wanda ya bar ta kuma ya koma jikin ɗan tayin da za a haɗa a cinye. Mutumin da ya zauna ya ci balut uku, abin da ba baƙo ba ne a teburin hira, ya sa wa cikinsa kolestarol ɗin ƙwan kaza goma.

To, ina illar? A nan masana kansu sun sha sauya magana. Shekaru da dama ana gargaɗin kada a wuce miligiram 300 a yini. A 2015 Amurka ta cire wannan iyaka daga ƙa'idojinta na abinci, saboda an gane cewa mafi yawan kolestarol ɗin da ke yawo a jini jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta, kuma idan mutum ya ci da yawa jiki kan rage nasa. Kitsen dabba mai daskarewa ya fi ƙwai tayar da mugun kolestarol a jini. Jama'a suka ji rabin maganar, suka ɗauka an ce a ci yadda aka ga dama. Ba haka aka ce ba, ƙa'idojin sun ci gaba da cewa a taƙaita. A 2019 mujallar likitoci ta JAMA ta fitar da nazarin da ya bi mutum kusan 30,000 a Amurka na tsawon shekaru, aka ga duk ƙarin miligiram 300 a abincin yini yana tafiya da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini da kashi 17 cikin ɗari. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin sababi, wasu manyan nazarce-nazarcen kuma ba su ga illa ga mai cin ƙwai ɗaya a yini ba. Amma a lura, ƙwan kaza ake nufi a duk waɗannan. Ita ma Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka da ta ce mai lafiya zai iya cin ƙwai ɗaya kullum, ba ƙwan da ya ninka shi fiye da sau uku take nufi ba.

Jikin mutane ma ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kolestarol ɗin jininsu ke tashi sosai in sun ci, akwai waɗanda da ƙyar ya motsa. Mai ciwon suga, da wanda ya gaji hawan kolestarol, da wanda zuciya ta taɓa buga masa ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ba a sa su a layi ɗaya da saurayi mai tuƙa keken haya. Wannan magana tana da nauyi a Filifin, inda ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya daɗe yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mutane, a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar.

Mutanen can suna da laƙabi ga abinci mai maiƙo, putok-batok, mai fasa ƙeya, saboda imanin cewa in mutum ya ci ya ji ƙeyarsa na ciwo to jininsa ya hau. Wannan ma'auni ne mai ruɗi. Kolestarol ba ya toshe jijiya a dare ɗaya, a hankali yake taruwa cikin shekaru. Hawan jini kuma galibi ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum zai iya cin balut shekara ashirin ƙeyarsa lafiya lau, alhali jijiyoyinsa na ƙuntata. Awon jini a asibiti ne kaɗai ke faɗin gaskiya.

Sai abokan tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, mai cin balut kuwa kowace loma da nata barbaɗen. Kuma balut na cikin abin da suke kira pulutan, abin taɓawa a wurin shan giya, tare da soyayyar fatar alade da gasassun kayan ciki. Sau da yawa abin da ake ɗora wa ƙwan laifinsa, na teburin ne gaba ɗaya.

Ɗumin da ke raya ɗan tayi

Zafin da ake yi wa ƙwai kwanci da shi, kusa da zafin jikin mutum, shi ne kuma zafin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Agwagwa tsuntsuwar ruwa ce, tana saka ƙwai a ƙasa mai danshi da kashi, kuma tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. A 2010 an samu ɓarkewar wannan cuta a Ireland da Birtaniya da aka danganta da ƙwan agwagwa. Alamominta gudawa, zazzaɓi, murɗar ciki, wani lokaci da amai, kuma ta fi yi wa ƙananan yara, tsofaffi, masu ciki da masu raunin garkuwar jiki illa.

Abin da ke ceton balut shi ne tukunya. Ana tafasa shi minti 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, wannan kuwa ya isa ya kashe ƙwayoyin. Haɗarin yana bayan dahuwa ne. Dafaffen abinci da ya zauna tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Selsiyus na sa'o'i ya zama gonar ƙwayoyin cuta, musamman in ɓawon ya tsage. Kwandon da ya fita da magariba da zafinsa, zuwa ƙarfe biyu na dare ya koma ɗumi-ɗumi. Wanda bai ƙare ba wani mai tallan zai sake ɗumamawa gobe. Ga kwalbar ruwan khal da ke zagaya hannuwa, ga gishirin da kowa ke tsoma yatsa. Tsoffin masu ci ba sa karɓar balut mai sanyi, ba sa cin wanda romonsa ya ƙafe ko warinsa ya sauya, kuma ilimin lafiya ya goyi bayansu. Mai rashin jituwa da ƙwai kuwa, balut ƙwai ne, kada ya kusance shi.

Murar tsuntsaye ta ƙara wani tsoron. A watan Agustan 2017 Filifin ta tabbatar da ɓarkewarta ta farko a garin San Luis na lardin Pampanga, ta kuma sake dawowa a 2022 a gonakin agwagi da salwa na Bulacan da Pampanga. Kasuwar ƙwai ta girgiza, an halaka tsuntsaye masu ɗimbin yawa, an hana safara tsakanin yankuna. Ga mai cin dafaffen balut haɗarin ƙanƙane ne, domin ƙwayar cutar ba ta jure zafin digiri 70. Wanda ke cikin haɗari shi ne makiyayin da ke cuɗanya da agwagi marasa lafiya, kuma shi ne wanda jarinsa ke narkewa in an zo kashe garke.

Ita kanta Pateros ba ta da agwagi yanzu. Kogin da suke iyo suna cin dodon koɗi ya gurɓace tun wajajen shekarun 1970, gidaje suka cinye filaye, kiwon ya koma larduna irin su Laguna, Pampanga, Bulacan da Nueva Ecija. Daga can ake kawo ƙwan, injinan kwanci na lantarki kuma sun maye gurbin shinkafa gasassa a wurare da yawa. Hukumomin binciken noma na ƙasar sun fitar da ingantaccen iri mai suna Itik Pinas, wanda ya fi na gargajiya yawan ƙwai da daidaiton girma.

Ƙyama, tausayi da hukunci

Duniya ta fi sanin balut ta shirye-shiryen talabijin na Amurka irin su Fear Factor da Survivor, inda ake ajiye shi gaban ɗan takara a matsayin azaba, kyamara na ɗaukar yadda yake yatsine fuska. Wannan bai yi mini daɗi ba. Abincin da uwa ke saya wa ɗanta da ya dawo daga aikin dare, wanda iyalai suka yi ƙarni suna ci da sha daga sana'arsa, bai cancanci a mai da shi abin dariya ba. Ƙyama ba hujjar lafiya ba ce. Kowace al'umma tana da abin da take ci da marmari wanda maƙwabciyarta ba za ta iya kallo ba.

Akwai dai tambayoyi na gaskiya da ba na raini ba. Masu kula da haƙƙin dabbobi na tambayar ko ɗan tayin da ya wuce rabin kwanakinsa yana jin zafin tafasasshen ruwa. Jamus, a dokarta ta hana kashe 'yan tsaki maza, ta haramta halaka ɗan tayin kaza daga kwana na 13 na kwanci, bisa binciken da ya nuna daga nan ba za a iya kore yiwuwar jin ciwo ba. Balut ya wuce wannan adadin kwanaki, ko da yake shi ƙwan agwagwa ne, ba na kaza ba.

Ga mai karatu Musulmi kuma akwai maganar halacci. Mafi yawan mutanen Filifin mabiya ɗariƙar Katolika ne, Musulmi kuwa wajen kashi 6 cikin ɗari ne a ƙidayar 2020, galibinsu a tsibirin Mindanao da na Sulu. Malamai da dama sun tafi a kan cewa ɗan tsuntsun da halittarsa ta bayyana, ya mutu cikin ɓawo ba tare da yanka ba, mushe ne. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafa ƙwai cikin abubuwa masu tsarki, ya cire wanda ya ɓaci, masu sharhi kuma suka bayyana cewa wannan ya haɗa da wanda ya ruɓe, ko ya koma jini, ko gudan tsoka, ko mataccen ɗan tsako. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da tafiya ta kai shi Manila, aka miƙo masa balut don karramawa, zai iya ba da uzuri cikin ladabi ya nemi dafaffen ƙwan agwagwa da ba a yi wa kwanci ba. Furotin, bitamin da ƙarfen da zai samu kusan duk ɗaya ne, haka ma kolestarol ɗin.